As biyu a hannu, kuma aka tashe shi: lissafin gasar poka ta intanet

Daren wata Lahadi ne a fadarmu ta Bukoki, nan Yamai. Mu huɗu muna kan belot, shayi na biyu yana bisa gawayi, ɗan yayata kuma yana gefe kan benci, ya duƙufa a kan salula tun bayan isha'i. Sai muka ji ya buga ƙafa ya ce, "Kawu, wallahi mutanen nan ɓarayi ne." Na ce me suka sata? Ya miƙo mini wayar. As biyu ke hannunsa, wato farkon hannun da babu wanda ya fi shi a poka. Ya tura duk abin da ya mallaka tsakiya, wani ya bi shi da takwas biyu, kartar ƙarshe ta faɗo takwas. Awa huɗu yana zaune, aka tashe shi ba ko dala.

Ni malamin lissafi ne, kuma na ɗan taɓa wasan nan a teburan da ba a sa kuɗi, don sha'awar lissafinsa. Na ce masa ba sata aka yi ba: idan as biyu suka kara da takwas biyu, kusan sau ɗaya cikin biyar takwas ke ci. Bai ji daɗin amsar ba, don ya fi son a ce an cuce shi. A nan kuwa duk matsalar gasar poka take. Mutum na iya yin daidai ya sha ƙasa, ya yi wauta ya kwashe tsibi, kuma dare ɗaya ba ya gaya masa wanne ya yi.

Ga wanda bai san wasan ba, nau'in da ya fi yaɗuwa shi ne Texas Hold'em. Karta 52 ce, ba 32 irin ta belot ba. Ana ba kowa biyu a rufe, a buɗe biyar a tsakiya waɗanda kowa ke da haƙƙi a kansu: uku a tashi ɗaya, sannan ɗaya, sannan ta ƙarshe. Tsakanin kowace buɗewa ana zuba ƙwandalolin wasa, jeto in ji masu Faransanci. Ko ka bi, ko ka ƙara, ko ka kifa kartarka ka haƙura da abin da ka riga ka zuba. A gasa kowa na biyan kuɗin shiga iri ɗaya, a ba shi jeto daidai da na kowa, wanda nasa suka ƙare ya fita. Akwai kuma harajin dole, babba da ƙarami, da ke zagaya tebur kujera bayan kujera, kuma yana hauhawa duk bayan ƴan mintuna. Wannan harajin ne bulalar gasar. Ba don shi ba da kowa ya naɗe hannu yana jiran as biyu, waɗanda ke zuwa sau ɗaya cikin rabo 221.

Saboda haka ɗan wasan da ya san abin da yake yi ba ya ƙirga jetonsa da dubbai, da babban haraji yake auna su. Jeto 10,000 lokacin da haraji yake 100, haraji 100 ke nan, kana da sarari, kana iya jira, kana iya shiga da ƙananan kartoci masu bin juna ko za su haɗu. Jeto 10,000 ɗin nan dai lokacin da haraji ya kai 1,000, haraji 10 ne kacal, ruwa ya kai maka wuya. A nan wasan ya koma abu biyu: ko ka tura duka, ko ka kifa. Dalilin turawar ma lissafi ne. Kafin a raba karta, haraji da ɗan abin da ake karɓa daga kowa kan tara kimanin haraji biyu da rabi a tsakiya. Mai haraji 10 da ya tura duka kowa ya kifa, ya ƙaru da kashi ɗaya cikin huɗu na jarinsa ba tare da ya nuna ko karta ɗaya ba. Wanda kuwa ya tsaya jiran hannu mai kyau har ya sauko haraji 3, ko ya tura ba wanda zai ji tsoronsa, mutum biyu ko uku za su bi shi. Haƙurin da ya yi masa rana a farkon dare shi ke cinye shi a tsakiyarsa. Kiɗa ya sauya, shi yana kan tsohuwar rawa.

Abu na biyu shi ne kujera. Wanda ke magana a ƙarshe ya riga ya ga abin da kowa ya yi, kamar mai ciniki a kasuwar Katako da ya bari wasu suka fara tayawa. Shi ya sa hannun da ake yarwa daga kujerar farko ake ƙari da shi daga kujerar mai rabo. A tebur na mutum tara, ƙwararre kan kifa fiye da hannu uku cikin huɗu tun kafin a buɗe komai. Wannan ne abin da ɗan belot ya fi shan wuyar koya. A belot kowane rabo sai ka buga shi har ƙarshe, hannunka ya saba da motsi. A poka yawancin aikin shi ne zama kana kallo.

Sai farashi. A ce kana da karta biyu masu alamar karo, a tsakiya akwai wasu biyu, saura karta ɗaya a buɗe, kana neman karo na biyar don ka haɗa biyar masu alama ɗaya, hannun da zai ba ka nasara. Karo 13 ne a karta, ka ga 4, saura 9 cikin 46 da ba ka gani ba, kusan kashi 20 cikin 100. Idan tsibin tsakiya 2,000 ne abokin karawarka ya zuba 2,000, za ka biya 2,000 don tsibin da zai zama 6,000, wato kana bukatar ci sau ɗaya cikin uku kafin cinikin ya biya. Kana da ɗaya cikin biyar, sai ka kifa. Idan 400 ya zuba, za ka biya 400 don 2,800, ɗaya cikin bakwai ya isa, sai ka bi. Kartar hannunka ba ta canza ba, farashin ne ya canza. Burga ma haka take. Wanda ya zuba rabin tsibi ba da komai a hannu ba, yana bukatar abokin karawarsa ya kifa sau ɗaya cikin uku don ya mayar da kuɗinsa. Tambayar ita ce, wannan mutumin yana kifawa? A ƙananan gasa inda mutane suka biya kuɗin da bai kai na farantin shinkafa ba, da yawa ba sa kifawa ko kaɗan, kuma yi musu burga zuba ruwa ne a rariya.

Har zuwa nan duk wanda ya gama koleji zai iya bi. Inda kai ke ɗaurewa shi ne jeto a gasa ba kuɗi ba ne, kuma darajarsu ba ta tafiya daidai da yawansu. Bari mu ɗauki mutum uku da suka rage, kowa da jeto 10,000. Na ɗaya zai sami jika 500, na biyu jika 300, na uku jika 200. In gwanintarsu ɗaya, kujerar kowannensu ta kai kimanin jika 333. Yanzu biyu daga cikinsu suka tura duka a kan hannun da yake rabi da rabi. Wanda ya faɗi ya tashi da jika 200. Wanda ya ci ya ninka jetonsa, amma kujerarsa ba ta ninka ba: yana da kashi biyu cikin uku na zama na ɗaya, kashi ɗaya na zama na biyu, jimla kimanin jika 433. Wato ya sa jika 133 a haɗari don neman jika 100. Ina ragowar ta tafi? Tana wurin na ukun da ya naɗe hannu yana kallo, kujerarsa ta tashi daga 333 zuwa kusan 367 bai taɓa karta ba. Kafin irin wannan karo ya biya ka, sai rinjayenka ya wuce kashi 57 cikin 100.

Wannan lissafin ana kiransa ICM. Asalinsa daga sukuwar dawaki ne: David Harville ya fitar da shi a 1973 don ƙiyasta dokin da zai zo na biyu da na uku, Mason Malmuth ya kawo shi poka a 1987. Masu cika takardar PMU ta cacar dawaki a kiyos ɗin LONANI, hukumar caca ta ƙasa, da yaron da ke kan salula ashe kakansu ɗaya. Amfaninsa ya fi fitowa a wuri biyu: teburin ƙarshe, da bakin ƙofar kuɗi, lokacin da saura mutum ɗaya ko biyu su fita a fara biya. A nan mai matsakaicin tsibi shi ya fi kowa ɗaurewa, don yana da abin da zai rasa. Mai babban tsibi kuwa ya zama zaki, yana ƙari a kusan kowane hannu, don ya san ba wanda ke son fita a daidai wannan gaɓar. Akwai ma inda lissafin ke cewa ka kifa as biyu. A gasar share fage da ke raba tikiti 10 iri ɗaya na shiga babbar gasa, in ku 11 kuka rage, kana da tsibi mai kauri, wani can yana da haraji ɗaya yana shirin mutuwa, me za ka ƙara in ka ci? Tikitin dai ɗaya ne. Garin neman gira sai ka rasa ido. Na faɗa wa ɗan yayata wannan, ya dube ni kamar na ce ya yar da buhun gero.

Amma kada a ɗauka tsoro ne dabara. Kuɗin gasa a sama suke taruwa. Yawanci kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na masu shiga ake biya, na ƙasan su kan sami kuɗin shigarsu ninki ɗaya da rabi ko biyu, kaso mai tsoka kuma yana wurin ƴan ukun farko. Wanda kullum burinsa ya lallaɓa ya shiga kuɗi da tsibin da bai taka kara ya karya ba, zai riƙa cin ƙananan lada yana asara a jimla. Dole wani lokaci ka yarda ka mutu da wuri don ka isa ƙarshe da ƙarfi. Sanin lokacin da za a ɗaure da lokacin da za a saki, shi ne gwanintar, kuma ba a koyonsa a wata ɗaya.

Yanzu mu koma kan as biyun nan. A ce a dare ɗaya sau biyar ka tura duka, kuma kowane karo kai ke da rinjaye na kashi 80 cikin 100, wanda ba kasafai ake samun haka ba. Damar ka tsallake duka biyar ɗin ita ce 0.8 sau kanta har biyar, kusan kashi 33 cikin 100. Sau biyu cikin uku za a tashe ka, alhali ba ka yi kuskure ko ɗaya ba. In kuma kana shiga kuɗi sau 15 cikin 100, damar ka jera gasa 10 ba ka ci komai ba ta kusa ɗaya cikin biyar, ta jera 20 kuma kusan 4 cikin 100. Mai buga ɗaruruwan gasa zai gamu da irin wannan fari ba sau ɗaya ba. A gasa ta mutum 1,000, ko ka fi matsakaicin ɗan wasa sau uku, sau ɗaya cikin 333 za ka zo na ɗaya. Gwaninta gaskiya ce a poka, amma ba ta bayyana sai a kan dubban gasa, kamar yadda ba a sanin manomi da damina ɗaya.

Daga nan ne dokar jari ta fito. Masu wasan na ba da shawarar kada ka shiga gasa sai kana da aƙalla ninki 100 na kuɗin shigarta a ware, wasu ma su ce 200 ko 300 in gasar mai yawan jama'a ce. Mu juya shi zuwa kuɗinmu. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, gasar yuro 10 ta kai kusan sefa 6,560, ninki 100 kuma sefa 656,000. Wannan ya fi abin da mai mafi ƙarancin albashi ke samu a shekara a ƙasar nan. Kuma kuɗi ne da ya kamata a ce ɓacewarsu ba za ta taɓa cefane ko kuɗin haya ba. Yaro nawa ne a fada ke da irin wannan? Wanda ke shiga da cinikin kabu-kabunsa na yini, ko ya fi kowa iya lissafi, farin farko zai share shi kafin gwanintarsa ta sami lokacin nuna kanta. Ga kuma la'ada: a ƙananan gasa gidan wasa kan cire kimanin kashi 10 cikin 100 na kuɗin shiga. Ma'ana ɗan wasa matsakaici asara yake yi, sai ka fi yawancin abokan zamanka da tazarar da ta wuce la'adar kafin ka dawo sifiri.

Labarin da ya ruɗi duniya shi ne na Chris Moneymaker, wani akanta daga Tenesi a Amurka, kuma sunansa na gaskiya ke nan. A 2003 ya shiga gasar share fage a shafin poka na PokerStars da kuɗin da bai kai dalar Amurka 100 ba (dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa 5 ba), ya sami kujera a babbar gasar duniya ta Las Vegas, ya doke mutum 838, ya tashi da miliyan 2.5. Shekara uku bayan haka masu shiga gasar suka kai 8,773. Kowa ya riƙe sunansa. Ɗaruruwan da suka biya dalar Amurka 10,000 na shiga a shekarar da ya ci suka koma gida hannu rabbana, ba mai ba da labarinsu. Kuma zamanin da ya ci ya wuce. A 2017 wata manhaja mai suna Libratus ta jami'ar Carnegie Mellon ta doke ƙwararru huɗu a hannu 120,000, a 2019 Pluribus ta yi haka a tebur na mutum shida. Yau masu wasan da gaske suna bitar hannuwansu da manhajojin da ke fitar da amsa, don haka baƙon da ke gabanka a tebur wataƙila ya yi shekaru yana wannan karatun.

Abin da ya fi lissafi wuya shi ne zuciya. Ƴan poka na da kalma, tilt, ga halin da mutum ke shiga bayan an ci shi ta hanyar da yake ganin zalunci ce. Mu sai mu ce zuciya ta ɗebe shi. Na gan shi ƙuru-ƙuru a daren nan: minti biyar bayan an tashe shi, ɗan yayata ya buɗe wata gasar da ta ninka ta farko tsada, a hannu na uku ya tura duka da sarki da tara. Masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna tun 1979 cewa zafin asara ya fi daɗin riba mai girma ɗaya, kuma mutumin da ke cikin asara ya fi yarda da kasada don ya fanshe. Ba sai an je jami'a ba, duk wanda ya taɓa ganin ɗan caca yana cire agogonsa ya san haka. Maganin da ƙwararru ke amfani da shi ba shi da armashi: tun kana cikin hankalinka ka yanke gasa nawa za ka buga da nawa za ka kashe, in ka kai ka rufe. Bayan wasa kuma abin tambaya shi ne, da abin da na sani a lokacin, shawarar ta yi daidai? Hannun da ka ci da wauta ya fi wanda ka faɗi da daidai haɗari, don na farkon yana koya maka mugun hali kana murna.

Mu nan muna da ƙarin namu. Manyan gasa na Turai da dare suke farawa, kuma agogonmu ɗaya da na Faransa lokacin sanyinsu, awa ɗaya ce tsakani lokacin zafi. Wanda ya yi nisa zai kai ƙarfe biyu ko uku na dare, wato shawarwarin da suka fi tsada yana yanke su ne lokacin da barci ya fi cin idonsa, ga aiki ko makaranta da safe. A watan Afrilu da Mayu kuma wuta na iya ɗaukewa, rezo ya tsinke, caji ya ƙare. Tebur ba ya jiranka: kartarka za a riƙa kifawa, haraji na cin tsibinka har ka dawo ka tarar da kango. Sai batun fitar da kuɗi. A ranar 15 ga Afrilun 2011 hukumomin Amurka suka rufe manyan shafukan poka a ƙasarsu, aka gano ɗaya daga cikinsu, Full Tilt, ba ta da kuɗin da za ta mayar wa ƴan wasa, Amurkawa suka jira har 2014 kafin a fara biyansu. Waɗannan suna da kotu da lauyoyi. Yaron Yamai da wani shafin da ba a san inda yake ba ya riƙe masa kuɗi, wa zai kai wa ƙara?

Ban manta da abin da kowa a fadar ya sani ba. Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91, ta haɗa caca da giya ta ce a nisance su, ta kuma ambaci gaba da ƙiyayya da shagala daga salla. Masu kare poka kan ce ai wasan basira ne. Akwai basira a ciki, na nuna ta a sama. Sai dai duk sefa ɗin da gwani ya ci daga aljihun wanda bai kai shi ba ta fito, ba a noma komai ba, ba a ƙera komai ba, kuma a dare ɗaya kartar ƙarshe ce ke yanke hukunci. Ni ban ga yadda basirar ta fitar da shi daga sunan caca ba muddin kuɗi na tsakiya. Wanda lissafin ne ke burge shi, teburan jeton banza suna nan, kuma ƙirga 9 cikin 46 bai canza ba don ba a sa kuɗi.

Ban yi wa ɗan yayata wa'azi a daren ba, uwarsa ta riga ta yi ta gaji. Kaye na saya masa a butikin bakin titi, na ce duk gasar da ya shiga ya rubuta kwanan wata, abin da ya biya, da abin da ya karɓa, kada ya tsallake ko ɗaya. Bayan wata uku ya kawo mini. Shafi huɗu ne cike, layin abin da ya karɓa yawancinsa sifiri, sai wuri ɗaya da ya zagaye da jan biro inda ya zo na shida. Na ce ya haɗa jimlar layukan biyu. Ya haɗa a salula, ya sake haɗawa, ya yi shiru. Can ya ce, "Kawu, da na zo na ɗaya a wannan ta jan biron, da duk an rufe." Na ce haka ne. Abokin belot ɗina ya tashi zai je gida, kujera ta zama ba kowa, na tura masa kartar na ce ya raba.